Makbes: Mutumin da Amin Ta Maƙale Wa a Maƙogwaro

A kashi na biyu na wasan kwaikwayon Makbes, wanda Wiliyam Shekisfiya ya rubuta a wajajen 1606, akwai wata fitowa da ke tsaya mini a rai duk sanda na karanta ta. Makbes ya fito daga ɗakin da ya kashe Sarki Dankan, hannu jina-jina, wuƙaƙen ma bai ajiye ba. Matarsa na tsaye tana jiransa. Ya tambaye ta ko ta ji motsi, sannan ya zarce kan abin da ya fi cin ransa. Wasu mutum biyu da ke kwance a ɗakin kusa sun farka a firgice, ɗaya ya roƙi albarkar Allah, ɗayan ya ce amin. Shi ma ya so ya amsa, kalmar ta ƙi fita. Sai nanatawa yake yi wa matarsa: me ya hana shi cewa amin, alhali a daren nan babu wanda ya kai shi bukatar albarka?

Mai kisan da ke neman amin, zuciyarsa da sauran rai ke nan. A kashi na biyar kuwa, mutumin nan zai ji kururuwar mata a cikin gidansa, ya ce shi ya kusa manta yadda tsoro yake. Abin da ya faru tsakanin waɗannan wurare biyu shi ne lamarin da nake son in bi daki-daki. Mutane da yawa suna cewa Makbes haukacewa ya yi ta yi har ya mutu. Ni a karatuna, gane-ganen da yake yi da muryoyin da yake ji su ne ɗan abin da ya rage masa na lafiya. Ranar da suka daina zuwa, ranar ya gama lalacewa.

Yadda aka gina tarkon

Makbes mutum ne na tarihi. Ya mulki Sikotlan daga 1040 zuwa 1057. Dankan na gaskiya a fagen fama ya faɗi, kusa da Elgin, kuma ba tsoho ba ne. Makbes ya shekara goma sha bakwai a kan gadon sarauta, ƙasar ta lafa masa har ya iya barinta ya tafi ziyarar ibada birnin Rum a 1050. Shekisfiya ya ɗauko labarin daga kundin tarihin Holinshed, bugun 1587, amma ya sāke masa fasali da gangan. A cikin kundin akwai labarin wani sarki daban, Daf, wanda mai masaukinsa ya sa aka kashe bisa zugar matarsa, bayan an bugar da masu gadin ɗakin. Wannan ya ciro ya ɗora wa Makbes. Ya mai da Dankan dattijo mai kirki, ya ɗauke kisan daga filin yaƙi ya kai shi ɗakin baƙo da tsakar dare. Banko, abokin yaƙin Makbes, wanda a kundin yana cikin waɗanda suka haɗa baki, ya wanke shi, domin Sarki Jemis da ya hau gadon Ingila a 1603 gidansu na danganta kansu da zuriyar Banko.

Wannan canji shi ne ƙashin bayan lamarin. Kashe sarki a yaƙi abu ne da jarumi zai iya nema wa hujja ya kwanta ya yi barci. Kashe baƙon da ya ci abincinka ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin rufinka cin amana ne tsantsa. Marubucin ya toshe wa tauraronsa duk wata kafa ta uzuri tun kafin ya ɗaga hannu.

Kada kuma a ɗauka jini baƙo ne gare shi. Kafin mu gan shi da ido, wani soja mai rauni ya ba da labarin yadda ya farke ɗan tawaye Makdonwal daga cibiya har haɓa, ya kafa kansa a kan ganuwa. Sarki ya ji, ya yaba. Makbes ya saba kisa, an kuma saka masa da girma a kai. Saboda haka abin da ya girgiza shi a daren Infanes, gidansa inda ya kashe Dankan, ba ganin jini ba ne. Jinin wa, a ina, da wane dalili: nan ciwon yake.

Burin da ya riga bokaye zuwa

Bokaye mata uku sun tare shi a fili tare da Banko, sun gaishe shi da sarautar Gilams da yake riƙe da ita, da ta Kodo da bai san an ba shi ba, da sarautar ƙasa baki ɗaya. Ko sau ɗaya ba su ambaci kisa ba. Banko ne ya lura abokinsa ya razana, ya tambaye shi me ya sa yake tsoron magana mai daɗi haka. Da manzanni suka zo da labarin Kodo, Makbes ya koma gefe yana magana da zuciyarsa, ya ce wani mugun hoto ya faɗo masa a rai wanda ya sa gashin kansa ya miƙe, zuciyarsa na dukan haƙarƙari. Shi da kansa ya kira abin da sunansa: kisa. Babu wanda ya saka masa kalmar a baki.

Banko ya ji nasa alkawarin a wuri guda, cewa 'ya'yansa za su yi sarauta. Shi ma abin ya taɓa shi, har ya roƙi a tsare shi daga mugayen tunanin da ke zuwa cikin barci. Amma ya tsaya a nan. Har gargaɗi ya yi cewa miyagun abubuwa kan ja mutum da 'yar gaskiya ƙarama don su yaudare shi a babba. Kunne biyu sun ji magana ɗaya, ƙasar da irin ya faɗa ce ta bambanta.

Masu kallo na farko sun san wannan yaudara da rabin gaskiya sarai. A watan Nuwamba 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisar Ingila da albarushi, a 1606 kuma aka yi shari'ar limamin Katolika Henri Ganet, inda batun amsa mai harshen damo a gaban alƙali ya zama abin magana a Landan. Mai gadin ƙofar Makbes, cikin mayensa, ya yi shaguɓe da irin wannan mutum. Bokayen ma da harshen damo suke magana. Amma wanda ya fi kowa yi wa Makbes harshen damo shi ne Makbes.

Dubi zancen da ya yi shi kaɗai a ƙarshen kashi na ɗaya. Da wuya ka samu mai laifin da ya yanke wa kansa hukunci sarai haka kafin ya aikata. Ya lissafa: Dankan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne, wanda ya kamata ya rufe ƙofa don kare shi. Ya shaida cewa sarkin mai tawali'u ne, mai tsabtar mulki. Ya amsa da bakinsa cewa ba shi da wani dalili sai buri mai tsallake iyaka. Ya san komai. Sai dai a cikin zancen nan akwai wata 'yar magana da ake yawan wucewa: ya ce da a ce abin zai ƙare a nan duniya ba tare da ya dawo masa ba, da ya yi kasadar lahira. Wato tun farko sakayyar duniya ce ta fi tsorata shi. Ina ganin daga wannan tsaga ce duk ginin ya rushe daga baya, domin wanda tsoron sakayya ke kora yana iya zaton in ya kawar da masu sakayyar zai huta.

Ya ce wa matarsa a bar maganar. Ba ta yi masa gardama kan halal da haram ba, don ta san a nan za ta faɗi. Mazantakarsa ta taɓa. Ta kira shi matsoraci, ta ce sai ya aikata zai cika namiji, ta kawo maganar jaririn da ta taɓa shayarwa da abin da za ta iya yi masa in ta yi rantsuwa irin tasa. Cikin 'yan layuka kaɗan tambayarsa ta sauya daga ko ya dace zuwa in aka kasa fa. Akwai masu ɗora wa matar laifin duka, ni ban yarda ba. Wutar tana ci tun kafin ta iso, fifita ta yi. Kuma ita da kanta ta ce da Dankan bai yi kama da mahaifinta a cikin barci ba, da ita ta yi aikin. Taurin nata ma aro ne, har sai da ta roƙi aljanu su cika ta da shi.

Daren, da abin da ya biyo baya

Kafin kisan ya ga wuƙa a iska tana nuna masa hanya, jini ya bayyana a jikinta. Ya tambayi kansa ko ƙwaƙwalwarsa ce ta yi zafi take ƙirƙiro ta. Wannan ba tambayar mahaukaci ba ce. Bayan kisan ya ji murya tana shelar cewa ya kashe barci, ba zai ƙara barci ba. Ya dubi hannunsa ya ce tekun duniya duka ba zai wanke shi ba, sai dai hannun ya rina tekun. Matar ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Da aka fara ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi fatan ƙwanƙwasar ta tashi Dankan.

Wannan nadama ce ta gaske, da-na-sani ce wadda ta zo tun jinin bai bushe ba. Amma nadama daban, tuba daban. Mai nadama yana jin zafin abin da ya yi. Mai tuba sai ya faɗa, ya saki abin da ya samu ta hanyar laifin, ya miƙa wuya ga hukunci. A duk tsawon wasan babu inda Makbes ya ko kwatanta ajiye rawanin. Gari na wayewa ya kashe masu gadi biyun da aka shafa wa jini, ya ce fushin ƙaunar sarki ne ya ɗebe shi. Wannan kisan ba ya cikin shirin da suka yi da matarsa. Ana cikin jin bayaninsa ta yanke jiki ta faɗi.

'Ya'yan sarki suka gudu, Malkam zuwa Ingila, Donalben zuwa Ayalan, zargi ya bi su, aka naɗa Makbes. Abin da ya fi ba ni mamaki a ginin wasan shi ne ba mu taɓa ganinsa yana jin daɗin sarautar ba, ko na fitowa ɗaya. Buri ya kai shi bakin ƙofa ya juya, tsoro ya karɓi linzami. Yanzu damuwarsa ita ce an ɗora masa rawanin da ba magaji, ya sayar da ransa don 'ya'yan Banko su ci. Ya ce kansa cike yake da kunamu. Ya ce Dankan yana kabari yana barcinsa lafiya, babu abin da zai ƙara taɓa shi. Mai kisa yana hassadar wanda ya kashe, a kan barci kawai.

A nan aka fara ganin ƙeƙashewar a aikace. Dankan da hannunsa ya kashe shi, ya sha azabar hakan. Banko kuwa 'yan haya ya nemo. Yadda ya zuga su ma abin lura ne: mazantakarsu ya taɓa, daidai yadda aka yi masa. Matar da ya kira abokiyar girmansa a wasiƙar farko, yanzu ya ce mata ta zauna ba ta sani ba sai ta ga sakamako. An kashe Banko, ɗansa Filiyans ya tsere.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ya bi shi har wurin walima, ya zauna a kujerarsa cikin siffar Banko, kai duk sara. Ba mai gani sai shi. A gaban manyan ƙasa ya shiga musu da kujera yana cewa ba za a ce shi ya yi ba. A bisa lafazi gaskiya ne, ba hannunsa ba ne. Harshen damo ke nan, wanda zuciyarsa ta ƙi karɓa.

Bayan baƙi sun watse ne ya faɗi maganganun da nake ɗauka a matsayin mahaɗar lamarin duka. Ya ce ya yi nisa cikin jini har komawa baya ta zama da wuya kamar ƙarasa haurewa. Ya bayyana cewa babu gidan babba da bai ajiye ɗan leƙen asiri ba. Sannan ya yi wa kansa aikin likita: wannan gane-gane, in ji shi, tsoron sabon shiga ne, rashin sabo ne, har yanzu yara ne su a harkar. A duba da kyau. Zuciya ta aiko masa da gargaɗi sau uku, wuƙa, murya, fatalwa. Ya ɗauki gargaɗin a matsayin cuta, ya rubuta wa kansa magani: ƙarin jini. Maganin kuwa ya ci. Daga wannan dare zuciyarsa ba ta ƙara aiko masa da komai da kanta ba.

A kashi na huɗu shi ya tafi neman bokayen da ƙafarsa. Suka nuna masa siffofi uku: ya yi hattara da Makdaf mai sarautar Faif, babu haifaffen mace da zai cuce shi, ba za a ci shi ba sai dajin Banam ya taso zuwa tudun Dansinen, inda fadarsa take. Ya riƙe biyun da suka yi masa daɗi. Da aka nuna masa jerin sarakuna takwas na zuriyar Banko, aka kuma ce Makdaf ya tsere Ingila, sai ya yanke shawarar da ta fi kowace muni: daga yau abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi hannunsa zai fara yi. Ya gano cewa azabarsa tana zaune ne a tsakanin tunani da aiki, sai ya share tsakanin. Ya aika Faif aka kashe matar Makdaf da 'ya'yansa da barorinsa. Kisan Dankan ya kawo sarauta, na Banko an ce don tsare ta ne. Wannan bai kawo komai ba. Kuma babu wuƙa a iska, babu murya, babu fatalwar yaro.

Ita da shi

Hanyar matar ta bi akasin tasa. Ita da ta danne komai a farko, abin ya ɓullo mata ta inda ba ta da iko, cikin barci. Tana yawo da idanu buɗe, ta ba da umarni kada a raba ta da haske. Mai yi mata hidima ta ce takan yi kwata na awa tana murza hannu. Tana mamakin yawan jinin da ke jikin tsoho, tana tambayar ina matar mai Faif take yanzu, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da warin ɗan hannun nan ba. Wadda ta ce ɗan ruwa ya isa ke nan. Har kisan da ba a shawarce ta a kai ba ta ɗauka ta ɗora a kanta. Likitan da ya tsaya kallo ya ce wannan ta fi bukatar malamin addini a kan likita.

Wannan hoto na wanke hannu ya kai har ɗakin binciken masana halayyar ɗan Adam. A 2006 an buga wani nazari a mujallar Science da ya ce tuna laifi yana ƙara wa mutum sha'awar wanke jiki, aka laƙaba wa abin sunan Makbes. Gwaje-gwajen da aka maimaita daga baya da dama ba su samu sakamako iri ɗaya ba, don haka ba zan jingina da shi ba. Abin da ya fi kusa da lamarin a ganina shi ne abin da masu kula da tsofaffin sojoji suke kira raunin ɗabi'a, wato ciwon da ke kama mutum idan ya aikata abin da shi kansa ya yi imani haramun ne: rashin barci, janyewa daga mutane, rashin yarda da kowa, ganin rayuwa ba ta da ma'ana. Makbes ya bi ta kowanne.

Da likita ya gaya masa halin matarsa, ya tambaye shi ko ba zai iya yi wa ruhi mai ciwo magani ba, ya tumɓuke baƙin ciki daga tunani, ya goge abin da aka rubuta a ƙwaƙwalwa. A baki maganar matarsa yake yi, amma duk mai kunne ya san kansa yake nufi. Kuma ko a nan mantuwa yake nema, bai nemi gafara ba. Likita ya ce a irin wannan mara lafiya ne zai yi wa kansa. Makbes ya ce a watsa wa karnuka maganin, ya nemi a kawo masa sulke.

Ya san abin da ya rasa, wannan ne ke hana ni tsanarsa. Ya ce rayuwarsa ta zama busasshen ganye, abubuwan da ke raka tsufa, girma da ƙauna da biyayya da taron abokai, kada ya sa rai da su. Sai tsinuwa a ɓoye da girmamawar baki. Da aka ce masa sarauniya ta rasu, bai yi kuka ba, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya ce da ma wata rana za ta mutu, ko kuma da ta jira wani lokaci, maganar tana ɗaukar fassara biyu. Ya zarce yana cewa kwanaki jan ciki kawai suke yi zuwa kabari, rayuwa labari ne na wawa, hayaniya ba ma'ana. Akan ciro wannan zance a rataya shi kamar hikimar marubucin game da duniya. Ni ina jin sa ne a matsayin rahoton mara lafiya. Mutum ne da ya kashe abin da ke sa shi jin zafi, ya tarar abin nan shi ne kuma ke sa a ji ɗanɗanon komai.

Sojojin Malkam, da dubu goma na Ingila, suka sari rassan dajin Banam suka rufe kansu da su. Daji ya taso. Makbes ya fita fagen fama, ya kashe saurayi ɗan Siwad, jagoran sojojin Ingila, ba tare da ko ɗar ba. Sai ga Makdaf. A nan wani abu ya motsa wanda na zaci ya mutu tun a kashi na huɗu. Makbes ya ce masa ya koma, duk cikin mutane shi ya fi gudu, domin jinin gidansa ya riga ya yi wa ransa nauyi. Magana ɗaya ce tak, ita kaɗai ce ya taɓa yi a kan yaran Faif, kuma ga mahaifinsu ya yi ta.

Makdaf ya ce ba shi da baki, takobinsa ne bakinsa. Ya gaya masa cewa shi ba haihuwarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi kafin lokaci. Makbes ya tsine wa masu harshen damon da suka yaudare shi, ya ce ba zai yi faɗa ba. Da aka ce to ya miƙa wuya a kafa shi abin kallo, ya ƙi sumbatar ƙasa a gaban Malkam, ya ɗaga garkuwa. Aka shigo da kansa. Sabon sarki ya kira shi mataccen mahauci, ya kira matarsa shaiɗaniya wadda ake zaton ita ta kashe kanta, ya gayyaci kowa naɗi a Sikun. A cikin duk waɗanda ke tsaye a wurin babu wanda ya ji shi a daren Infanes yana tambayar inda amin ɗinsa ta shiga. Mutum ɗaya ce ta ji, ita ma ta riga shi tafiya.